Arlit: Garin da kamfani ya haifa, da darasin da ya bar wa mutanen zango

Ranar 31 ga watan Maris na 2021 aka tsayar da aiki a ramin yuraniyam na Akouta da ke arewacin Nijar, bayan shekara 43 ana haƙa. Ma'aikatan kamfanin COMINAK wajen 600 aka sallama, kowa da haƙƙinsa a hannu. 'Yan kwangila, waɗanda yawansu ya kai haka ko ma ya ɗara, ba su samu irin wannan sallama ba. Akwai kuma rukuni na uku da ko lissafi ba a yi da su ba: mai tuwo-tuwo, mahauci, tela, mai shayi, mai ɗakunan haya, direban da ke jigilar mutane tsakanin unguwanni. Babu wata takarda da ta haɗa su da kamfani, amma daga albashin ma'aikatansa suke samun abin sakawa a baki. A kan waɗannan nake son in yi magana, domin mu mutanen zango a nan Gana, in ka duba da kyau, a wannan rukunin muke a duk garin da ake haƙar ma'adinai.

Yadda aka kafa garin

Kafin yuraniyam babu gari a Arlit. Fili ne na hamada a yammacin duwatsun Abzin, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, inda Abzinawa makiyaya ke wucewa da raƙumansu. A 1957, shekara uku kafin Nijar ta samu 'yancin kai, Faransawa masu neman tagulla suka ci karo da yuraniyam a Azelik. Hukumar makamashin nukiliya ta Faransa ta ci gaba da bincike har ta gano inda ma'adinin ya fi yawa. Aka kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, aka sa harsashin gari a 1969, aka fara fitar da kaya a 1971. Ka ga ke nan kamfanin ya girmi garin. Wannan ita ce magana ta farko da ya kamata mai karatu ya riƙe: a sauran garuruwa kasuwa ko rijiya ko fadar sarki ce ke tara mutane, a Arlit rami ne ya tara su.

Sai kuma zamani ya zo wa garin da sa'a. Tsadar man fetur ta 1973 ta firgita Turai, Faransa ta yanke shawarar dogara da nukiliya wajen samar da lantarki, farashin yuraniyam ya yi tashin gwauron zabo. Shugaba Diori Hamani yana cikin matsa wa Faransa lamba kan ƙarin kuɗi ne sojoji suka kifar da shi a watan Afrilun 1974, Seyni Kountché ya hau. A wannan shekarar aka kafa kamfani na biyu, COMINAK, da jarin Faransa da Nijar da Japan da Sifen. Shi ne ya haƙa ramin Akouta, mai zurfin kusan mita 250, da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da tsawonsu ya haura kilomita 200, ya fara fitar da kaya a 1978. Shi ma ya gina wa ma'aikatansa nasu garin, Akokan, 'yan kilomitoci daga Arlit.

Duk abin da rami ke bukata an kawo masa. Aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit, fiye da kilomita 600, aka raɗa mata suna hanyar yuraniyam. Aka buɗe haƙar kwal a Anou Araren, kamfanin SONICHAR ya fara ba da wuta a 1981. Aka haƙa rijiyoyin burtsatse zuwa ruwan da ya taru a ƙarƙashin hamada tun dubban shekaru. Garin yuraniyam mai launin rawaya kuwa sai a ɗura shi a ganguna, manyan motoci su kai shi Parakou a Benin, jirgin ƙasa ya kai shi Kwatano, jirgin ruwa ya wuce da shi Faransa. A cikin shingen kamfani akwai gidaje masu famfo da lantarki, kantin da ake shigo masa da kaya daga Turai, wurin ninƙaya, da asibitin da babu kamarsa a duk yankin. Daga nan aka sa wa Arlit laƙabin Paris ta biyu. A Yamai ma an ga alama, manyan gine-gine irin su otel ɗin Gaweye a wancan zamanin suka tashi.

Garin da ke bayan shinge

To, ina aka taɓa ganin zuma ba ƙuda? Labari ya bazu, mutane suka yi ta kwarara: Hausawa daga Tawa da Maraɗi da Damagaram, Zabarmawa, Barebari, Abzinawan da farin shekarun 1970 ya cinye wa dabbobi, har da baƙi daga Benin da Togo da Mali da sauran ƙasashen yankin. Kamfani bai ɗauki ko kashi kaɗan daga cikinsu ba. Sauran suka kakkafa bukkoki da zana da kwali da tsofaffin ganguna a gefen gari, har unguwannin suka samu sunan Bukoki. Nan ne kasuwa take, nan ne tasha, nan ne masallatan unguwa da makarantun allo. A ƙidayar 2012 mutanen Arlit sun kai wajen dubu 80, alhali ma'aikatan kamfanonin biyu 'yan dubbai ne kawai.

Wanda ya san zangon Obuasi ko na Tarkwa ko na Prestea ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Haka kakanninmu suka zo, wasu an kwaso su daga arewa a zamanin Turawa don aikin rami, wasu sun biyo su da goro da nama da koko da ɗinki. Kamfani ya shata inda ma'aikatansa za su zauna, saura kuma kowa ya nemi inda zai raɓa. Tsarin gari bai san da su ba, ko da yake su ne suka fi yawa.

Daɗin Arlit bai daɗe ba. Hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka a 1979, da na Chernobyl a 1986, sun sa ƙasashe da yawa sun ja baya. Farashin da ya haura dala 40 a kan kowace laba a ƙarshen shekarun 1970 ya yi ta gangarowa har ya koma ƙasa da dala 10. Kamfanoni suka rage ma'aikata, Turawa suka tattara nasu ya nasu. A 2005 wani mai shirya fim ɗan Benin, Idrissou Mora-Kpai, ya fitar da fim a kan garin, abin da ya nuna shi ne tsofaffin ma'aikata marasa lafiya da matasa masu zaman jiran motar Aljeriya. A 2007 farashi ya sake tashi har ya haura dala 130, aka fara maganar sabon katafaren rami a Imouraren, mutane suka sake ɗaura ɗamara. Hatsarin Fukushima na 2011 ya sake karya farashin, a 2014 aka jingine aikin Imouraren. Dubi abin mamaki: mai sayar da shinkafa da wake a Bukoki, cinikinta ya dogara da girgizar ƙasar da aka yi a Japan. Ba ta san wurin ba, ba a kuma taɓa tambayar ra'ayinta ba.

Abin da aka bari a ƙasa

Yuraniyam ɗin da ake samu a cikin dutse ɗan kaɗan ne, kilo biyu zuwa huɗu ko biyar a kowane tan. Sauran duk tarkace ne, kuma tarkacen yana ɗauke da mafi yawan tururin gubar nan da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. COMINAK ya fitar da kimanin tan dubu 75 na yuraniyam a tsawon rayuwarsa, ya bar tsibin tarkace wajen tan miliyan 20 a fili, a ƙasar da iskar hunturu ke ɗaukar ƙura ta shiga da ita har cikin tukunya.

Mutanen garin ne da kansu suka fara ɗaga murya. Ƙungiyar Aghir In'man, wadda wani ma'aikacin ramin, Almoustapha Alhacen, ya jagoranta, ita ta gayyato masana masu zaman kansu na CRIIRAD daga Faransa a ƙarshen 2003. Suka tarar ana sayar da tsofaffin ƙarafan kamfani masu gubar a kasuwa, mutane na rufin ɗaki da su, maƙera na ƙera kayan amfanin gida. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wasu titunan Akokan ta samu tururin ya ninka yadda ya kamata sau ɗaruruwa, saboda an yi cikon hanya da duwatsun rami. Ta kuma ce huɗu daga cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗiba sun wuce ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Kamfanin, wanda a lokacin sunansa Areva, yanzu kuma Orano, ya musanta cewa aikinsa na cutar da jama'a, amma ya bi ya kwashe wuraren da aka nuna. Abin lura a nan shi ne asibitocin da ke duba marasa lafiyar na kamfanonin ne. Wanda ake zargi shi ne mai awo, shi ne kuma mai rubuta sakamako. Ko da gaskiya yake faɗa, wa zai yarda?

Sai maganar ruwa. Ruwan da aka sha shekara 50 ana zuƙowa don wanke ma'adini, ruwan sama ba ya mayar da gurbinsa, domin wurin da ƙyar yake ganin ruwan sama. Abin da aka ɗiba ya tafi ke nan. Hanyar yuraniyam kuma ta farfashe har ta zama abin tsoro ga direbobi. A yarjejeniyar watan Mayun 2014 Areva ta yi alkawarin ba da Yuro miliyan 90 don gyaranta, amma shekaru bayan haka matafiya ba su daina kuka da ita ba. Ƙasar da ta taimaka wajen haska biranen Faransa, har yanzu kusan mutum ɗaya ne cikin biyar yake da lantarki a cikinta. Ba abin mamaki ba ne da rabon arzikin yuraniyam ya kasance cikin koke-koken 'yan tawayen Abzinawa a 1990 zuwa 1995, da kuma 2007 zuwa 2009.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da hujja. Zai ce ai ba don ramin ba da babu garin ma gaba ɗaya. Dubban iyalai sun ci sun sha, an yi aikin hajji, an gina gidaje a Tawa da Agadas da albashin Arlit, asibitin kamfani ya duba talakawan gari kyauta, an horar da injiniyoyi da makanikai 'yan ƙasa. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Ni ba na cikin masu cewa a bar arziki kwance a ƙasa mutane na fama da yunwa a samansa. Abin da nake cewa shi ne yawancin alherin nan aro ne. Wutar ta kamfani ce, famfon na kamfani ne, likitan ma kamfani ke biyansa. Ranar da mai kaya ya naɗe tabarmarsa, sai gari ya gane cewa a kan tabarmar aro yake zaune.

Wani kuma zai ce ai magana ta ƙare, tunda an kori Faransawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 iyakar Benin ta rufe, kaya suka kasa fita. A watan Yunin 2024 gwamnatin Janar Tiani ta ƙwace lasisin Imouraren daga hannun Orano, a watan Yunin 2025 kuma ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa. Na fahimci masu murna, domin cinikin da aka ƙulla tun zamanin mulkin mallaka bai taɓa zama na tsakani da Allah ba. Sai dai canjin mai rami bai rage ko cokali ɗaya daga tsibin tarkacen Akokan ba. An tsara rufe shi da laka da duwatsu masu kaurin mita biyu, aikin shekara goma da aka ƙiyasta zai ci kuɗi CFA biliyan 95, ga kuma sa ido na shekaru bayan haka. Yanzu da ake shari'a tsakanin ɓangarorin biyu, wa zai tsaya a kan aikin har ƙarshe? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, Faransa ta ci, gwamnatocin Nijar ma sun ci. Tun 2006 doka ta tanadi a mayar da kashi 15 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai ga ƙananan hukumomin yankin da aka haƙo su, amma ƙungiyoyin farar hula sun sha kukan cewa kuɗin ba ya zuwa kan kari. Wannan kam ba Bafaranshe ba ne ya riƙe shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihin garin nan shi ne Arlit bai mutu ba, kuma waɗanda suka hana shi mutuwa su ne waɗanda ba a yi tsari da su ba. Fataucin taliya da madara da dabino da man fetur daga Aljeriya, jigilar matafiya ta hanyar Assamaka, zinariyar da aka gano a Tchibarakaten a 2014, 'yan lambunan da ke gefen gari, da waɗannan ake rayuwa yanzu. Wahala ce, wasu hanyoyin ma akwai kasada a cikinsu. Amma da a ce tun 1975 an ɗauki Bukoki a matsayin gari na gaske, an ba ta ruwa da makarantun sana'a da kasuwa mai kyau da hanya mai ɗorewa, da yau ba daga ƙasa za a fara ba.

Gemun ɗan'uwanka ya kama wuta

Mu ma ai mun ɗanɗana. A 2014 AngloGold Ashanti ya sallami dubban ma'aikata a Obuasi, garin da ake haƙar zinariya tun 1897. A tambayi matan zango yadda kasuwa ta koma, a tambayi masu ɗakunan haya. Sai a ƙarshen 2019 aka sake narka zinariya a wurin, da injuna masu yawa da ma'aikata kaɗan. Yanzu kuma ido ya koma arewa. A watan Nuwamban 2024 aka buɗe babban ramin zinariya na Namdini a gundumar Talensi, kusa da Bolga, mallakar kamfanin Shandong Gold na ƙasar Sin, an kuma ƙiyasta masa kimanin shekara 15 na aiki. Yaron da aka haifa ranar buɗewa, yana shirin shiga babbar sakandare za a fara maganar rufewa. Mutanenmu kuwa za su je, kamar yadda suka saba, da tukwanensu da kekunan ɗinkinsu.

Shi ya sa nake ganin ranar buɗe rami ita ce ranar cinikin rufe shi. Tun ran gini ran zane. Lokacin da kamfani ke neman ƙasa da sa hannu, kunnensa a buɗe yake. In zinariya ta ƙare, ko waya ka buga ba mai ɗauka.

Na farko, a tambayi shekarun ramin da tsarin rufe shi, a bainar jama'a, da harshen da mutane ke ji. Dokar kare muhalli ta ƙasar nan ta wajabta wa kamfanin ma'adinai ajiye kuɗin jingina na gyaran ƙasa. Nawa aka ajiye, a hannun wa yake? Wannan tambaya ce da ɗan majalisar gunduma zai iya yi, mu kuma mu tsare shi sai ya yi.

Na biyu, a auna ruwan rijiyoyi da na rafuka tun yanzu, a hannun masu awon da ba kamfani ke biyan su ba, a ajiye sakamakon inda kowa zai gani. Mutanen Arlit sun yi shekara 30 kafin wani na waje ya zo da na'urar awo, saboda haka babu abin da za su kwatanta da shi su ce ga yadda ruwanmu yake a da. A wurinmu gubar ta bambanta, sinadarin sayanaid ne na manyan kamfanoni da makyuri na 'yan galamse, amma darasin ɗaya ne.

Na uku, duk asibiti ko makaranta ko famfon da kamfani zai gina, a sa shi a hannun hukuma tun farko, da ma'aikatan gwamnati da kasafinsa, a kuma gina shi a cikin gari inda jama'a suke. Dokar asusun raya yankunan ma'adinai ta 2016 ta ware kashi 20 cikin ɗari na kuɗin da kamfanoni ke biya a kan abin da suka haƙo, wani ɓangare nasa na al'ummomin da ake haƙar ne kai tsaye. Akwai kwamitocin da ke yanke abin da za a yi da kuɗin. Sarkin zango yana ciki? Shugabar matan kasuwa fa? Mu baƙi ake ɗaukar mu ko da kakan mutum a garin aka binne shi, kuma ƙasar ta masu ita ce, ba mu ja da wannan ba. Amma ruwa ɗaya muke sha da su, ƙura ɗaya muke shaƙa. A je a gaida masu ƙasa cikin ladabi, a nemi kujera.

Na huɗu namu ne mu kaɗai, ba ruwan kamfani ko gwamnati. Ina koyarwa, kuma na ga yadda kujeru ke zama babu kowa a aji duk lokacin da aka ce an samu zinariya a wani daji. Yaro ɗan shekara 15 ya dawo da babur da waya, iyaye su yi shiru saboda ya sauke buhun shinkafa a tsakar gida. Iyayena, ku yi haƙuri da ni, wannan shirun yana da tsada. Tsofaffin ma'aikatan Arlit da suka iya walda ko gyaran injin ko haɗa wutar lantarki, sana'arsu ta bi su duk inda suka koma. Wanda ƙarfinsa kawai ya sayar, da ƙarfin ya ƙare sai tari ya rage masa. Haka mai ɗan jari, kada ya zuba shi kaf a ɗakunan haya a bakin rami. Ya raba ƙafa, ya ajiye wani abu a inda ba farashin zinariya ke juya shi ba.

Babu ramin da ba ya ƙarewa, masu haƙar ma sun san da haka, tun kafin su sa diga suke rubuta shekarar tashi a takardunsu. Mu ne kawai muke zama kamar ba za a tashi ba. Mutanen Arlit ba su da wanda za su duba a 1969, mu kuwa ga su a gabanmu, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah Ya kawo wa 'yan'uwanmu na Arlit da Akokan sauƙi, mu kuma Ya ba mu ikon yin tambaya tun ana sauraronmu.